BABI NA BIYU: TARIHIN JARIDAR ALFIJIR DA KAMFANIN TRIUMPH NA KANO

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a kawo tarihin jaridar Alfijir, wato jaridar Hausa ta ajami wadda Kamfanin Triumph na Gwamnatin Jihar Kano ya fara bugawa a farkon shekarun 1980. Da yake jaridar ba ita kaɗai ta tashi ba, ya zama wajibi a haɗa da bayanin 'yar'uwarta Albishir, da kamfanin da ya haife su, da kuma jaridun da suka riga su shiga hannun mutanen Kano. Abin da babin yake son nunawa shi ne, masu karatun ajami suna nan jibge a cikin birnin Kano tun kafin a san wani abu wai shi jarida, kuma an daɗe ana ƙoƙarin isa gare su. To amma duk jaridar da aka yi dominsu gwamnati ce take kafa ta, ita ce kuma take ciyar da ita, saboda haka tsawon ranta yakan rataya ne a kan ra'ayin wanda yake kan mulki.

2.1 Karatu da Rubutu a Birnin Kano Kafin Zuwan Jarida

Tarihin Kano ya nuna cewa malamai Wangarawa sun iso birnin a zamanin Sarki Yaji (1349-1385), sannan Shehu Muhammadu bn Abdulkarim Al-Maghili ya sauka a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499). Tun daga wannan lokaci karatu ya kafu a cikin ganuwa. Unguwar Madabo ta yi suna a kan ilmin fiƙihu, daga baya kuma unguwanni irin su Salga da Sanka da Kabara da Ƙoƙi suka shahara da manyan malamai da zaurukan karatu. Da wuya a sami unguwa a birni wadda ba ta da makarantar allo, kuma yaron da ya wuce babbaƙu da farfaru ya riga ya mallaki abin da zai karanta Hausa da shi idan an rubuta ta da haruffan Larabci. Wannan rubutu shi ake kira ajami. Da shi ake rubuta wasiƙu, da waƙoƙin wa'azi da na begen Annabi, da fa'idojin magani, da lissafin bashi tsakanin fatake da dillalan kasuwar Kurmi.

Turawan mulkin mallaka sun ci Kano a watan Fabrairu na shekarar 1903. Ba da jimawa ba suka tsayar da shawarar cewa da haruffan Romawa, wato boko, za a riƙa rubuta Hausa a harkokin mulki. A shekarar 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa, a bayan ganuwa, kuma a 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko. Mafi yawan mutanen birni ba su karɓi wannan makaranta hannu bibbiyu ba, domin suna yi mata kallon hanyar raba yaro da addininsa. Sakamakon haka sai aka wayi gari da rukunin masu karatu iri biyu a gari ɗaya. Akwai 'yan boko, waɗanda ba su da yawa, galibinsu ma'aikatan En'e da malaman makaranta. Akwai kuma ɗimbin malamai da almajirai da 'yan kasuwa da matan aure waɗanda suke karanta ajami, amma idan aka zo ƙidayar masu ilmi a takardun hukuma sai a saka su cikin jahilai. Wannan rabuwa ita ce tushen matsalar da kowace jaridar Hausa ta tarar a Kano.

2.2 Jaridun da Suka Share Fage

Jarida ta farko da Gwamnatin Arewa ta buga ta fito ne a shekarar 1932, da harsuna uku: Ingilishi da Larabci da Hausa. Da Hausa ana kiranta Jaridar Nijeriya Ta Arewa. Ba ta fita akai-akai, kuma sarakuna da alƙalai da ma'aikata aka nufa da ita, saboda haka ba ta shiga cikin jama'a sosai ba.

Wadda ta fara shiga lungunan birni ita ce Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta fara bugawa a watan Janairu na shekarar 1939, Malam Abubakar Imam yana edita. Ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne kashe jita-jitar da ta bazu gabanin Yaƙin Duniya na Biyu, musamman raɗe-raɗin cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus. Da boko ake buga Gaskiya, kuma kwabo ɗaya ake sayar da ita. Mai iya karatu yakan saya ya zauna a zaure ko a dandali ya karanta wa jama'a, ta haka kwafi ɗaya yake isa kunnen mutane da yawa. Duk da haka masu jaridar sun lura cewa akwai waɗanda suke son su karanta da idonsu amma boko ya yi musu shamaki. Wannan ne ya sa a lokacin yaƙin aka riƙa fitar da wata 'yar takardar labarai ta ajami tare da ita, wadda aka sa wa suna 'Yar Gaskiya. A nan ne aka fara gwada jaridar ajami a Arewa. A shekarar 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wadan Zariya, jaridar ta koma ƙarƙashinsa.

A shekarar 1949 wani sabon abu ya faru a Kano. Dokta Nnamdi Azikiwe ya dawo da jaridarsa mai suna Comet daga Ikko zuwa Kano, ta zama jaridar kullum ta farko a Arewa. Da Ingilishi ake buga ta, amma tana da shafin Hausa. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a ranar 8 ga Agusta, 1950, wannan shafi ya zama bakin 'yan adawa da mulkin En'e. Malam Magaji Ɗambatta, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa NEPU, ya yi aiki a jaridar, haka kuma Malam Tanko Yakasai ya riƙe editan sashenta na Hausa a shekarun 1950. Daga Comet ne mutanen Kano suka ga cewa jarida tana iya zama makamin talaka, kuma wannan darasi ya sake ɓullowa bayan shekara talatin, kamar yadda za a gani nan gaba.

Har ila yau a cikin shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, Hukumar NORLA ta riƙa buga wa larduna ƙananan jaridu domin waɗanda suka sauke karatun ajin manya su sami abin karantawa. Lardin Kano ya sami Sodangi, Katsina ta sami Himma, Sakkwato ta sami Zaruma, Zazzau kuma Bazazzaga. Wasu daga cikin waɗannan jaridu suna ɗauke da ajami a gefen boko. Da aka rushe NORLA a shekarar 1959, ba a daɗe ba su ma suka bi ta. Daga nan aka shiga wani dogon lokaci wanda mai karatun Hausa a Kano ya dogara ga Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta koma Kaduna ƙarƙashin Kamfanin New Nigerian bayan kafa shi a 1966. Shi kuwa mai karatun ajami, sai ya koma ga rediyo.

2.3 Kafuwar Kamfanin Triumph

An ƙirƙiro Jihar Kano a shekarar 1967, amma sai da ta shekara goma sha uku kafin ta mallaki jaridar kanta. A zaɓen 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano, wadda ita ce magajiyar NEPU, ta ci kujerar gwamna a Kano, Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ya hau mulki a ranar 1 ga Oktoba na wannan shekara. Gwamnatin Tarayya kuwa tana hannun jam'iyyar NPN. A lokacin, manyan kafafen watsa labarai na Arewa, wato New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo da Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna, duk mallakar Gwamnatin Tarayya ne, domin tun a 1975 ta karɓe Kamfanin New Nigerian. 'Yan PRP suna ganin waɗannan kafafe ba za su yi musu adalci ba. Ga shi kuma sabuwar gwamnatin ta zo da manufofin da suke bukatar bayani da kariya, irin su soke haraji da jangali, da rage ƙarfin masu sarauta a harkar mulki.

A kan wannan dalili ne aka kafa Kamfanin Triumph a shekarar 1980. An sa wa ginin kamfanin suna Gidan Sa'adu Zungur, domin tunawa da Malam Sa'adu Zungur na Bauchi, mawaƙi kuma ɗan gwagwarmaya, wanda ya rasu a 1958. Zaɓen wannan suna kaɗai ya isa ya nuna alƙiblar da aka ɗora kamfanin a kai. Kafa shi yana cikin jerin ayyukan wayar da kai da gwamnatin Rimi ta yi, waɗanda suka haɗa da Hukumar Ilmin Manya ta jiha, wadda aka kafa a 1980 har ta sami lambar yabo ta UNESCO, da kuma gidan talabijin na CTV. Kamfanin ya fara da jaridar Ingilishi, wadda daga baya ta rassafa zuwa Daily Triumph da Weekend Triumph da Sunday Triumph. Sanannun 'yan jarida da dama sun yi aiki a gidan, alal misali Malam Rufa'i Ibrahim a shekarun farko, da Malam Garba Shehu wanda ya riƙe edita har ya kai ga shugabancin kamfanin.

2.4 Albishir da Alfijir

Jam'iyyar da take kiran kanta ta talakawa ba za ta tsaya ga jaridar Ingilishi kaɗai ba, tun da waɗanda suka zaɓe ta ba su ne masu karanta Ingilishi ba. Saboda haka ba a daɗe da kafa kamfanin ba aka fito da jaridun Hausa guda biyu na mako-mako: Albishir da boko, Alfijir kuma da ajami. Sunayen biyu duk sanannu ne a bakin Bahaushe. Albishir shi ne labarin farin ciki wanda ake ba da goro a kansa, alfijir kuwa hasken farko ne da yake keto duhun dare, wanda kowane mai sallar asuba ya san shi. An kuma taɓa amfani da sunayen biyu a jaridun zamanin NORLA, wato ke nan sabon kamfanin ya ɗora ne a kan tsohon tushe.

Albishir ta tarar da abokan gasa a fage, domin ga Gaskiya Ta Fi Kwabo daga Kaduna, ga kuma Amana ta Kamfanin Concord na Cif M. K. O. Abiola. Abin da ta fi su da shi shi ne kusanci, domin a Kano ake rubuta ta, labarin Kano kuma take bayarwa. Ita kuwa Alfijir ba ta da kishiya. Masu karatun da aka nufa da ita su ne waɗanda aka ambata a sashe na 2.1, wato malaman zaure, da gardawa, da alarammomi, da 'yan kasuwar Kurmi da suka yi allo amma ba su yi boko ba, da dattawan unguwanni, da matan da suke cikin kulle. Irin waɗannan mutane suna sauraren Rediyon Kano da na Kaduna da BBC da Muryar Jamus, saboda haka ba za a ce ba su san abin da duniya take ciki ba. Abin da Alfijir ta ƙara musu shi ne labarin da mutum zai riƙe a hannunsa, ya karanta da kansa a lokacin da ya ga dama, ya maimaita, ya ajiye, ya kuma nuna wa wani idan gardama ta tashi.

Akwai wani muhimmin abu kuma da ya kamata a lura da shi. Kafin wannan lokaci, kusan duk abin da ake bugawa da ajami a Kano ya shafi addini ne. Maɗaba'u irin su Oluseyi da Northern Maktabat sun daɗe suna buga waƙoƙi da ƙananan littattafan malamai, ana sayarwa a rumfunan 'yan littattafai na Kurmi da bakin masallatai. Fitowar jarida sukutum da ajami ta nuna cewa rubutun da aka koya a tsangaya yana iya ɗaukar labarin kasafin kuɗi da taki da zaɓe da rikicin ƙasashen waje. Ta wannan fuska Alfijir ta ɗaukaka darajar almajiri, domin gwamnati da kanta ta amsa cewa shi ma mai karatu ne.

2.5 Matsalar Rubutun Ajami a Jarida

Fitar da jaridar ajami ya fi fitar da ta boko wahala, saboda dalilai uku.

Dalili na farko shi ne rashin daidaitacciyar ƙa'ida. Boko ya sami hukumomin da suka zauna suka tsara masa ƙa'idoji tun daga zamanin Vischer, har zuwa Hukumar Harshen Hausa ta shekarun 1950 da tarurrukan da aka yi a Jami'ar Bayero daga baya. Ajami bai sami irin wannan gata ba, kowane malami yana bin abin da ya gada. Hausa tana da sautuka waɗanda babu su a Larabci, irin su /ɓ/ da /ɗ/ da /ƙ/ da /ts/ da /c/ da /g/ da /'y/. Malamai sun saba aron haruffan Larabci su ɗora musu waɗannan sautuka. Alal misali, da harafin gaini ake rubuta /g/, da harafin ɗa'un ake rubuta /ɗ/, idan kuma aka ƙara masa ɗigo uku sai ya zama /ts/. Amma a kan wasu sautukan, musamman /ɓ/ da /ƙ/ da /'y/, akwai saɓani tsakanin marubuta. Haka nan wajen wasula, Larabci yana da fataha da kisira da rufu'a, Hausa kuwa tana da wasula biyar. Ana nuna /e/ da ɗigon imala a ƙarƙashin harafi, amma a rubutun malamai da yawa babu bambanci tsakanin /o/ da /u/, ta yadda "kura" da "kora" za su zo da siffa ɗaya, sai ma'anar jimla ta raba su. A waƙar da mai karatu ya riga ya haddace wannan ba matsala ba ce. A labarin jarida kuwa, mai cike da sababbin sunayen mutane da garuruwa da baƙin kalmomi, babbar matsala ce. Duk da haka ajami yana da inda ya fi boko, domin yana nuna tsawon wasali. A boko "gari" na mutane da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya ne, a ajami kuwa alifin da ake sa wa na biyun ya raba su.

Dalili na biyu shi ne bambancin salon rubutu. Makarantun allo na Kano suna karatu da ruwayar Warshu, da rubutu irin na Magaribi, inda ake sa wa harafin fa'un ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙafun kuma ɗigo ɗaya a sama. Makarantun Islamiyya kuwa, waɗanda suka yawaita daga shekarun 1970, sun fi amfani da ruwayar Hafsu da bugun ƙasashen Gabas, inda fa'un yake da ɗigo ɗaya a sama, ƙafun yake da biyu. Wato abin da ɗan Islamiyya zai karanta a matsayin /f/, gardi zai karanta shi a matsayin /ƙ/. Duk salon da jarida ta zaɓa, akwai rukunin da zai yi tuntuɓe kafin ya saba.

Dalili na uku shi ne kayan aiki. Injinan tsara haruffa da tafiretocin Larabci da ake shigowa da su an ƙera su ne domin Larabci, ba su da haruffan da Hausa ta ƙirƙiro, kuma ba sa sa wasula yadda ajami yake bukata, alhali ajami ba ya karantuwa sai da wasali a kan kowane harafi. Hanyar da masu buga ajami a Kano suka saba da ita ita ce a sami mai kyakkyawan hannu ya rubuta shafi da alƙalami, a ɗauki hotonsa a kan faranti, sannan a buga. Da wannan hanya aka buga Alƙur'anai da littattafan da fitaccen marubucin nan na unguwar Gabari, Sharif Bala, ya rubuta. Hanya ce mai fitar da rubutu mai kyau wanda idon almajiri ya saba da shi, sai dai tana cin lokaci, kuma gyaran kuskure a cikinta yana da wuya. Aikin jarida kuwa aiki ne na gaggawa.

2.6 Matsalar Mallaka da ta Kuɗi

Tun kamfanin yana jariri ya ɗanɗana kuɗar kasancewarsa na gwamnati. Jam'iyyar PRP ta dare gida biyu, 'yan santsi a ɓangaren Gwamna Rimi, 'yan taɓo a ɓangaren Malam Aminu Kano, kuma jama'a suna kallon jaridun Triumph a matsayin bakin santsi. A watan Yuli na 1981 gwamnatin jiha ta aika wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero takardar tuhuma. A ranar 10 ga watan tarzoma ta ɓarke, aka kai hari kan gine-ginen gwamnati, ciki har da Gidan Rediyon Kano da ofishin Triumph, aka kuma kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan harkokin siyasa. Wannan ya nuna irin tsaka mai wuyar da jaridun Hausa na kamfanin suke ciki, musamman Alfijir. Mutanen cikin birni waɗanda aka yi ta dominsu su ne kuma suka fi kowa kusanci da fada da girmama sarauta, ga shi kuma gwamnatin da ta mallaki jaridar tana takun saƙa da fadar.

Daga nan sai sauye-sauyen mulki suka biyo baya. Rimi ya sauka a watan Mayu na 1983 bayan ya koma jam'iyyar NPP, mataimakinsa Alhaji Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa wa'adin. A watan Oktoba Alhaji Sabo Bakin Zuwo, na ɓangaren taɓo, ya karɓa. A ranar 31 ga Disamba sojoji suka kifar da gwamnatin farar hula, aka turo Hamza Abdullahi ya zama gwamnan soja. Ke nan a cikin ƙasa da shekara ɗaya kamfanin ya ga iyayen gida huɗu, kowanne da inda ya sa gaba. Jaridar da aka kafa domin ta yi adawa da masu ƙarfi sai ta koma mai bayyana manufofin duk wanda ya zo. Bugu da ƙari, Dokar Soja ta 4 ta shekarar 1984, wadda aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian da ita, ta sa kowane edita a ƙasar ya shiga taitayinsa, balle editan da albashinsa yake fitowa daga baitulmalin gwamnati.

Ta fuskar kuɗi kuwa, shirin tsuke bakin aljihu na SAP da aka shigo da shi a 1986 ya karya darajar naira, farashin takarda da tawada da faranti, waɗanda galibi daga waje ake sayo su, ya yi tashin gwauron zabo. Masana'antar takardar jarida ta Oku Iboku, wadda aka sa rai za ta kawo sauƙi, ta daina aiki a cikin shekarun 1990. Sanannen abu ne cewa kuɗin sayar da kwafi ba ya riƙe jarida, talla ce take riƙe ta. Manyan kamfanonin da suke ba da talla kuwa sun fi karkata ga jaridun Ingilishi, 'yan kasuwar Kano su kuma sun fi amincewa da rediyo, wanda yake shiga kunnen mai karatu da wanda ba ya karatu. Al'adar karɓa-karɓa, inda mutum ɗaya zai saya goma su karanta, tana ƙara wa jarida tasiri amma ba ta ƙara mata ciniki. Saboda haka jaridun Hausa na kamfanin ba su da madogara sai tallafin gwamnati, kuma idan tallafin ya yi ƙaranci, jaridar da ba ta kawo talla ita ce ta farkon jin jiki.

2.7 Sauyin Zamani da Rufe Kamfanin

Yayin da kamfanin yake fama da waɗannan matsaloli, su ma masu karatu suna sauyawa. Shirin ilmin firamare kyauta na UPE da aka fara a 1976 ya yawaita masu karatun boko a cikin birni, har ya zama 'ya'yan malaman zaure da jikokinsu suna haɗa allo da firamare. Littattafan hikaya na Kano da suka bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980 da boko aka rubuta su, kuma sun ja mata da matasa da yawa zuwa ga boko. A shekarar 2003 aka buɗe gidan rediyon Freedom mai zaman kansa a Kano, a 2006 kuma Kamfanin Media Trust ya fito da jaridar Aminiya. Bayan haka wayar salula da intanet suka zo, su ma da boko ake rubuta Hausa a cikinsu. Ko a hukumance ma matsayin ajami ya ja baya, domin a shekarar 2007 Babban Bankin Nijeriya ya cire shi daga takardun naira 5 da 10 da 20 da 50, abin da ya jawo muhawara mai zafi a Arewa.

A shekarar 2012 gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta rufe Kamfanin Triumph, bisa hujjar cewa ya zama nauyi a kan baitulmalin jiha. Da wannan mataki jaridun kamfanin duka suka tsaya, bayan shekara talatin da biyu da kafa shi. Mai karanta Daily Triumph yana da wasu jaridun Ingilishi da zai koma gare su, mai karanta Albishir yana da Aminiya, amma mai karanta Alfijir bai sami madadinta ba. Gwamnatin da ta biyo baya, ta Dokta Abdullahi Umar Ganduje (2015-2023), ta sake farfaɗo da kamfanin. Rufewar da buɗewar duka sun tabbatar da abu ɗaya, wato shawarar gwamna ce take kashe jaridar, ita ce kuma take tashin ta, ba a tambayi mai karatu ba.

2.8 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda birnin Kano ya daɗe da masu karatun ajami, da yadda zuwan boko ya raba masu karatu gida biyu. An bi sawun ƙoƙarin da aka yi na isa ga masu ajami tun daga 'Yar Gaskiya da jaridun NORLA har zuwa Alfijir, wadda ta fi su duka daɗewa a fage. An kuma bayyana matsalolin da ta fuskanta, na rashin daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, da ƙarancin kayan aiki, da rashin talla, da dogaro ga gwamnati. Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa 'Yar Gaskiya bukatar yaƙi ce ta kawo ta, Sodangi ta bi NORLA, Alfijir kuma ta tsaya ranar da aka rufe Gidan Sa'adu Zungur, alhali makarantun allo na birni ba su daina yaye masu iya karanta su ba. A babi na gaba za a ɗauki zaɓaɓɓun fitowar jaridar a nazarci yadda ta rubuta sautukan Hausa da babu su a Larabci, da kuma yadda ta sarrafa baƙin kalmomi na siyasa da mulki.